A Yi Lissafi Kafin A Ɗura Wa Mota Man Gyaɗa

Daga Wakilinmu

Makonni uku da suka wuce na kai 'yar motata gyara wurin wani dattijon bakanike a nan Kaduna, wanda shi ne yake duba motar mahaifina tun ina makarantar firamare. Na iske shi da ɗansa, ɗalibi mai koyon aikin injiniya, sun shimfiɗa taswirar Nijeriya a bisa wata tsohuwar Marsandi mai shan gas, suna ta gardama. Da na tambayi abin da ya haɗa su, sai yaron ya ce, "Yaya, zagaya Arewa za mu yi da ita in an gama jarrabawa, kuma ba za mu tsaya a gidan mai ko ɗaya ba. Man girki za ta sha." Na dubi uban ina tsammanin zai yi dariya, amma bai yi ba. Cewa ya yi, "Malam, injin zai sha, wannan ba na shakka. Abin da na kasa sa shi ya gane shi ne, wa zai ba mu man?"

Tun daga ran nan nake ta juya wannan magana a zuciyata, domin na lura ba su kaɗai ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, shekarar da har yau ba mu gama farfaɗowa daga cikinta ba, babu majalisar da mutum zai zauna, ko a ofis ko a ɗakin kwanan ɗalibai, bai ji wani ya kawo labarin wata dabara da za ta raba mu da gidan mai ba. Wannan ya ce iskar gas, wancan ya ce batir, wani kuma ya ce ya ga Turawa suna tuƙa mota da man da aka soya dankali. Ni ba na cikin masu yi wa irin wannan tunani ba'a. Amma a ganina tambayar dattijon nan ita ce gaba da kome, kuma ita ce masu ɗoki suka fi saurin tsallakewa.

Bari mu fara ba yaron gaskiyarsa. Injin dizal, watau mai shan man da direbobinmu suke kira gas, ya sha man gyaɗa tun kafin a haifi kakanninmu. A babban bikin nunin kayayyaki na duniya da aka yi a birnin Paris cikin 1900, kamfanin Otto na Faransa ya nuna wani ƙaramin inji irin wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya ƙago, yana aiki da man gyaɗa zalla. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, domin tana tunanin ƙasashen Afirka da ke hannunta, inda gyaɗa take yi ƙwarai amma kai kwal ko man ƙasa yake da wuya. Diesel da bakinsa ya ba da wannan labari cikin 1912, shekara guda kafin mutuwarsa. A wannan shekara ce kuwa jirgin ƙasa ya fara jigila sosai daga Kano. Turawa suna jiran auduga, manoma suka cika musu tasha da gyaɗa. To, amma mai karatu ya lura da abu ɗaya. Duk dalar gyaɗar nan da aka yi ta tarawa a Kano har zuwa farkon shekarun 1970, kafin fari da cutar gyaɗa ta 1975 su karya nomanta, ba don injuna Turawa suke sayenta ba, ko da yake sun san injin zai sha. Man ci da sabulu suke yi da ita, saboda ciki ya fi inji iya biyan kuɗi. Duk inda ka ji an koma ƙona man itatuwa a mota, to, ka bincika za ka iske tilas ce ta kama: lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ko Afirka ta Kudu sa'ad da aka hana sayar mata da mai saboda wariyar launin fata ta shiga gwajin man furen rana, ko mutanen tsibirin Bougainville da aka datse musu hanyar jiragen ruwa cikin 1990 suka koma ga man kwakwa.

Ga ma'aikatan gwamnati masu ƙananan motoci, sai in yi gaugawar jan kunne. Wannan zance bai shafi mota mai shan fetur ba ko kaɗan. Injin fetur da tartsatsin fulogi yake kunna mai, man gyaɗa kuwa ba ya kamawa haka. Wanda ya zuba shi a tankinsa ya sayi aiki. Injin gas shi ne yake matse iska har ta yi zafi, sa'an nan ya fesa mai a ciki ya kama da kansa. Ko a cikin masu shan gas ɗin ma ba kowace ba. Sababbin nan da na'ura mai ƙwaƙwalwa take sarrafa feshin mansu ba sa jure mai mai kauri. Tsofaffin Marsandi na tsakanin 1976 da 1985, irin su 200D da 240D da 300D, su ne suka yi suna wajen haƙuri da shi, saboda irin famfon mansu da kuma ɗan ɗakin da mai yake fara ƙonewa a ciki kafin ya isa kan fistin. Motar dattijon nan tana daga cikinsu, shi ya sa bai yi musu ba.

Matsalar man girki ita ce kauri. A zafin rana irin namu ya ninka gas kauri wajen sau 10. Mai mai kauri kuwa ba ya fesuwa kamar hazo. Ɗiga yake yi, ya ƙi ƙonewa duka, ya bar baƙin gawayi a bakin nozul da gefen ringi, wani kuma ya zurara ƙasa ya gauraya da baƙin mai, a kwana a tashi ya mai da shi kamar ƙaro. Maganin abin shi ne zafi. In aka ɗumama shi zuwa digiri 70 ko 80, watau ƙasa kaɗan da tafasar ruwa, sai ya tsinke. Saboda haka masu wannan sana'a tanki biyu suke sa wa mota. A tayar da ita da gas, a yi tafiya har inji ya ɗau zafi, ruwan lagireto ya bi ta bututu ya ɗumama tanki na biyu, sa'an nan a juya famfo zuwa man girki. In an kusa tsayawa kuma a sake komawa gas, domin ya wanke hanyoyin mai kafin inji ya huce. Ke nan alkawarin da yaron ya yi, cewa ba za su tsaya a gidan mai ba, ya rushe tun kafin a bar gareji. Duk safiya da duk yamma sai an sha gas, haka ma cikin cunkoson Kano inda mota take rarrafe.

Yanzu mu dubi taswirar. Hanyar da suka zana ta tashi daga Kaduna ta bi Zariya da Funtuwa da Gusau zuwa Sakkwato. Ta juyo zuwa Kano. Ta miƙe gabas ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu har Maiduguri. Ta dawo ta Bauci da Jos, ta sauko gida. In an haɗa, abin ya tasam ma kilomita 2,500. Mu ƙaddara motar tana shan lita 8 a kowace kilomita 100, abin da ba a yi wa tsohuwar mota rowa ba ke nan, lita 200 ta tashi. Man girki bai kai gas ƙarfi ba, sai an ƙara kamar kashi 10 daga cikin 100, ya zama lita 220. Jarka 9 ke nan masu cin lita 25, nauyinsu wajen kilo 200, daidai da ƙarti uku zaune a kujerar baya tun daga Kaduna. Wannan lissafi ba ya bukatar digiri, amma da na yi shi a bayan takardar sigari a gaban yaron, sai na ga fuskarsa ta sauya. Shi a ransa, tsayawa za su riƙa yi a gidajen abinci na bakin hanya suna karɓar tsohon mai kyauta, kamar yadda ya ga Turawa sun yi.

Gaskiya ne sun yi. Cikin 2008 wasu 'yan Ingila sun yi jerin gwanon motoci daga Landan har babban birnin Girka, suna roƙon tsohon mai a gidajen abinci na ƙasashen da suka ratsa. Amma me ya sa ake ba su? Domin a can tsohon mai shara ne. Doka ta hana zuba shi a magudanar ruwa, kuma tun 2004 Ingila ta hana sa man gidajen abinci a cikin abincin dabbobi, saboda haka akwai lokacin da mai gidan abinci har biya yake yi a kwashe masa. Wanda ya zo da jarka ya rage masa nauyi ne. Bugu da ƙari, cikin 2007 gwamnatin Ingila ta yafe haraji ga mai haɗa irin wannan mai don amfanin kansa in bai wuce lita 2,500 a shekara ba. Ko a can ɗin ma garaɓasar ba ta daɗe ba. Da manyan kamfanoni suka shiga sayen tsohon mai suna sarrafa shi, sai ya yi daraja har ɓarayi suka fara fasa ma'ajiyarsa. Wani abin lura kuma, wasu Turawan Ingila biyu da suka tuƙo babbar mota zuwa Tambutu a ƙarshen 2007 da man da aka sarrafa daga ragowar cakulan, ba su dogara da samun kome a hanya ba. Tun daga gida suka ɗauko mansu.

A ƙasarmu wa ke zubar da mai? Je ka tsaya wurin mai ƙosai da safe, ko mai awara da yamma, ko mai suyar kifi a tasha. Ba ta juye kaskonta. In mai ya ja baya sai ta ƙara sabo a kai, haka har ya ƙare a cikin cikunanmu. A gidajenmu kuwa man da aka soya nama da shi ran Salla shi ne na miyar mako biyu. Wanda ya tsaya a Talatar Mafara ko Potiskum ya ce wa mai tuya ta ba shi tsohon mai zai zuba a mota, in ta yi masa mutunci ta ce Allah ya ba shi lafiya.

Saura ke nan a shiga kasuwa a saya. A nan ne zancen ya tashi daga na bakanike ya zama na kowa. Cikin 2024, duk da irin kukan da masu manyan motoci da masu masana'antu suka yi ta yi a kan tsadar gas, litar man gyaɗa ta fi litar gas tsada nesa ba kusa ba. Wanda ya bar gas ya koma man gyaɗa don ya yi tsimi, ya gudu ne daga yayyafi ya faɗa kogi. Amma a ajiye maganar aljihu, a dubi ta gona. Lita 220 ta mai tana bukatar ɓararriyar gyaɗa wajen kilo 500, ko da injin matsa mai kyau ne ya tatse ta; in matan da ke yin ƙuliƙuli ne da turmi, ta fi haka. A irin yadda gyaɗa take yi wa ƙaramin manomi, wannan amfanin fiye da rabin hekta ne, wahalar damina guda. Gidan da ke cin lita 2 a mako zai shekara biyu yana miya da shi. Ƙasar da a farkon shekarun 1960 take kan gaba a duniya wajen manja, yau kuwa sai ta sayo daga waje ta cike giɓi, wadda kuma cikin Yuli 2023 gwamnatinta ta kafa dokar ta-ɓaci a kan abinci, ba ta da rarar man miya da za ta ƙona a kan kwalta. Mota ɗaya ba za ta motsa farashi ba, na sani. Amma ai dalilin yin irin wannan tafiya shi ne a nuna wa jama'a su yi koyi. In kuwa abin koyin shi ne a ɗura wa mota abincin yara, gara a bar motar a gareji.

Wani zai ce, to, ashe ka kashe maganar. Ban kashe ba. Akwai mai iri biyu da ba na jin nauyin a ƙona su, kuma a kansu ne ya kamata a gina shirin.

Na farko shi ne tsohon man manyan otal-otal da gidajen abinci na zamani da ke Kaduna da Kano da Abuja, masu soya kaza da dankali a manyan tukwane, waɗanda dole su sauya mai in ya yi baƙi. Wannan mai ba ya ɓacewa. Sau da yawa yakan bi ta ƙofar baya ya koma hannun ƙananan masu tuya da araha, ya ƙarasa a cikin talakawa. Likitoci kuwa sun daɗe suna gargaɗi a kan man da aka yi ta maimaita suya da shi. Ƙasar Indiya tun 2018 ta kafa ƙa'idar iyakar lalacewar da mai zai yi a daina girki da shi, ta kuma shirya yadda za a riƙa tattara shi a mai da shi man mota. In aka ƙona irin wannan a inji, an raba shi da cikin mutane ne, ba a raba mutane da abinci ba. Sai dai aiki gare shi. Yana ɗauke da ruwa da gishiri da ɓurɓushin abinci, kuma ruwan nan shi ne ajalin famfon mai. Dole a zuba shi a duro ya kwanta mako biyu ko uku, a kwashi na sama, a tace da ƙyalle mai kauri, a sake tacewa da filta, a ɗiga kaɗan a kasko mai zafi a saurara. In ya yi ƙara, da sauran ruwa. Wannan ba aikin da za a yi a gindin bishiya tsakanin Gusau da Sakkwato ba ne. Duk man tafiyar sai an tara shi, an tace shi, an gwada shi a gida, watanni kafin ranar tashi.

Na biyu shi ne man itatuwan da ba a ci, kuma babbansu shi ne cini-da-zugu, wanda kakanninmu suke shinge da shi domin dabba ba ta taɓa shi. Wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙwallonsa mai ne. A ƙasar Mali, tun 1987 aka fara aiki da shi tare da Jamusawa, ana tayar da injunan niƙa na ƙauye, daga baya har garin Garalo ya sami lantarki daga injunan da aka shirya domin su sha shi. Bisa ƙiyasin da aka yi a can, mita guda ta shinge takan ba da ƙwallo ƙasa kaɗan da kilo guda a shekara, kuma sai an matse kilo 4 ko fiye kafin a sami lita. Watau tafiyar yaron nan tana bukatar ƙwallon shingen da tsawonsa ya haura kilomita guda. Da yawa ne, amma ba abin da ya gagara ba ne, kuma bai ci gonar kowa ba. A nan ma sai a yi hattara da masu zuzutawa. Wajen 2007 da 2008 an yi ta shelar cewa cini-da-zugu zai yi a kan fako ba ruwa ba taki, kamfanoni suka karɓe manyan filaye a ƙasashen Afirka da Asiya, ba a yi shekara biyar ba galibinsu suka watse, domin itacen yakan rayu a fako amma ba ya 'ya'yan kirki. Cikin wannan zamani ne, a 2007, Gwamnatin Tarayya ta fito da manufarta ta man tsirrai, wadda ta yi hasashen gauraya kashi 20 daga cikin 100 na irin wannan mai a cikin gas. Mai karatu ya tambayi kansa ko ya taɓa sayen wannan gauraye a gidan mai. Akwai kuma darbejiya, wadda aka kawo Barno cikin 1928, yau ga ta a kowane titi daga Maiduguri har Sakkwato tana zubar da 'ya'ya ana sharewa. Manta yana da saurin daskarewa da wari, sai an yi masa aiki, amma ba mai miya da shi.

Ko an sami man, hanya tana da nata sharuɗɗan, kuma a nan ne nake ganin yaron bai yi tunani ba sam. Ɗauki maganar sanyi. Turawan da ke irin wannan tafiya zuwa arewacin ƙasashensu babban abin tsoronsu shi ne mai ya daskare a bututu. Mu Allah ya hutar da mu daga ƙanƙara, har ma zafinmu taimako ne. Amma wanda ya kwana a Jos cikin Disamba ko Janairu ya san dare yakan sauko wajen digiri 10, garin yana bisa tudun da ya kai mita 1,200. Yawancin abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan man gyaɗa kuwa, da wanda otal-otal suke suya da shi, tataccen man kwakwar manja ne, wanda kowace uwargida ta san yadda yake yin barci a kwalba da hunturu. Motar da ta kwana da shi a bututunta a Jos ba za ta tashi da safe ba sai rana ta take. Saboda haka ko dai a yi tafiyar da bazara, ko a tabbata an wanke hanyar mai da gas tun daga hawan Bauci.

Sa'an nan jarkoki. Mutumin da ya ɗauko jarka 9 a bayan mota ya doshi Zamfara, ya shirya amsa tambayoyi. Cikin 2021 jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna da Sakkwato sun hana sayar da fetur a jarka saboda masu kai wa 'yan bindiga mai a daji, kuma har yau idon jami'in tsaro bai daina tsayawa a kan jarka ba. In ka ce masa ba fetur ba ne, man girki ne, to, ka fita daga hannun soja ka shiga na kwastan, domin man girkin da ake satar shigowa da shi ta kan iyaka yana cikin kayan da suka daɗe suna kamawa. Ba laifinsu ba ne. Aikinsu suke yi. Abin da ya kamata shi ne a ƙera tanki ɗaya babba a ɗaure shi a but, a aika da sauran man gaba ta hannun amintattu a Kano da Bauci, a kuma riƙe takarda daga makarantar yaron mai bayyana cewa gwaji ake yi.

Abin da ya fi damuna duka shi ne lokaci. Man girki yakan kwance tsohuwar dauɗar da ta shekara a tanki ya tura ta cikin filta, kuma filta ba ta sallama kafin ta toshe. A wata ƙasa, wannan ɓacin rai ne na sa'a biyu. A wasu hanyoyinmu, sa'a biyu ita ce tsakanin isa gari da rana da kwana a daji. Ba mu manta da Auno ba, inda cikin Fabrairu 2020 matafiyan da suka iske an rufe ƙofar shiga Maiduguri suka kwana a bakin hanya, 'yan ta'adda suka auka musu, aka rasa rayuka wajen 30. Duk mai shirin bin hanyar Damaturu zuwa Maiduguri, ko Funtuwa zuwa Gusau, da motar gwaji, wajibi ne ya yanke wa kansa doka: a waɗannan wurare gas zalla za a sha, da sassafe za a bi, kuma ba a tsayawa gwada kome. In wannan ya rage wa tafiyar armashi a idon masu kallo, to, ya rage.

Da na kawo nan, wani abokin aikina ya ce mini, in haka ne mene ne amfanin tafiyar? Amfaninta shi ne littafin da za a dawo da shi. Jamusawa, da suka so sanin gaskiyar man tsirrai a aikin gona, ba su tsaya ga jawabi ba. Daga 2001 zuwa 2005 sun sa tarakta fiye da 100 a kan wannan mai suna rubuta duk abin da ya faru. Wasu suka gama lafiya, wasu da dama suka bukaci babban gyara, kuma daga irin wannan bincike ne suka tsayar da ƙa'idar ingancin man da ya cancanci a zuba a inji. Mu me muke da shi a rubuce game da man darbejiya ko cini-da-zugu a kan hanyar Azare cikin zafin Afrilu? In yaron nan ya auna kowace lita, ya rubuta kilomita nawa kowace filta ta yi, ya ɗebi baƙin mai a kwalba a kowane zango, ya kwance nozul kafin tashi da bayan dawowa ya ɗauki hotonsu, ya kuma faɗi gaskiya ko da injin ya mutu a Darazo, to, ya yi wa ƙasa aikin da ya fi taron bita goma. Ni ban ma ɗauka makomar wannan mai tana cikin motocin hawa ba. Tana wurin injin niƙa na ƙauye da janareton asibitin karkara, masu zama wuri ɗaya suna aiki da zafi ɗaya, kusa da shingen da ake tsinko ƙwallon. Mota dai ita ce mai jawo 'yan kallo.

Saboda haka ina kira ga makarantunmu na fasaha da jami'o'i da su daina barin irin waɗannan yara suna gwaji da motar ubansu da kuɗin ubansu. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda cini-da-zugu yake cikin amfanin da aka ɗora mata binciken su, da cibiyar binciken harhaɗa magunguna da sinadarai da ke Basawa, duk a Zariya suke, tafiyar sa'a guda daga garejin nan. Ɗalibi ya kamata ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa a auna masa ruwa da tsamin da ke cikin mansa. Hukumomin lafiya na jihohi kuma su dubi inda tsohon man manyan gidajen abinci yake zuwa. In aka wajabta tara shi a sayar wa masu rajista, an yi maganin cuta, an kuma samar wa masu gwaji abin aiki. Ba a bukatar sabuwar hukuma ko kwamiti mai motoci goma domin wannan.

Shekaranjiya na koma karɓar motata. Na tarar an naɗe taswirar an sa a aljihun ƙofa. A bayan gareji akwai duro biyu a rufe, yaron ya ce wani gidan abinci ya yarda ya riƙa sayar musu da lita 20 duk mako, kuma ya rubuta wa wani kawunsa a ƙauye a fara tara masa ƙwallon cini-da-zugu. Sun tayar mini da Marsandin, ta yi zafi, ya juya famfo. Ƙarar injin ta ɗan yi laushi, salansa ta fara fitar da ƙamshin suyar kaza har almajiran da ke wucewa suka waiwayo. Na tambayi dattijon yaushe ne tafiya Sakkwato. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Malam, Zariya tukuna. In ta je ta dawo sau biyar, na kwance nozul na gani da idona, sa'an nan a kawo mini taswira."